Leƙe Ta Tsakanin Yatsu

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda Allah ya yi wa baiwar ido. Ba irin ganin da ni da ku muke yi ba. Gani ne da har ake ba da labarinsa.

Sana'arsa ita ce tuƙa injin ɗaga kaya a wurin manyan gine-gine. Kun san dogon ƙarfen nan da ake kafawa kusa da bene idan ana gina shi, mai hannu ɗaya miƙe a sama, ƙugiya tana lilo a bakinsa. Can ƙoli akwai wani ɗan ɗaki na gilashi da bai fi akurkin kaji ba. A nan yake wuni. Daga can mutane kamar tururuwa suke, motoci kamar kwalin ashana. Amma shi yana iya sauke damin ƙarfe a kan katako biyu, kofin shayin lebura yana gefe, ko girgiza ba zai yi ba. Don haka abokan aiki suka sa masa suna Shaho. Sunan ya bi shi har gida. Mahaifiyarsa ma, in tana cikin raha, da shi take kiransa.

Yana son sunan nan, Allah ya sani. In aka ce "Shaho", sai ka ga kafaɗarsa ta ɗan ɗaga.

Ana nan sai ginin da suke yi ya ƙare, kamfanin ya tattara ya tafi, aka sallami kowa. Shaho ya dawo gida ya zauna. Ya nema nan, ya nema can, shiru. Matarsa tela ce, kekenta na ɗinki shi ya riƙe gidan. Mutumin da ya saba kallon gari daga sama, ga shi yanzu a kan tabarma yana kallon ƙafar keke tana hawa tana sauka.

A cikin wannan zaman ne abin ya fara.

Wata safiya yana wanke fuska, sabulu ya shiga idonsa na dama, ya runtse shi. Sai ya ga ƙofar banɗaki ta koma kamar an tura hayaƙi a gabanta. Ya goge, ya sake dubawa da na hagu shi kaɗai. Hayaƙin yana nan. Ya buɗe na dama, komai ya dawo tas. Ya daɗe a tsaye da buta a hannu. Da ya fito bai ce wa kowa komai ba.

Amma wa yake ɓoye wa matarsa abu a ɗaki ɗaya? Ta ga yana zuba shayi, ruwan yana sauka a gefen kofi. Ta ga yana kai mukulli bakin kwaɗo sai ya lalubo. Da can in zare ya ƙi shiga allura shi take miƙa wa, kafin ta rufe baki ya zura. Yanzu in ta miƙa, sai ya ce hannunsa da maiƙo.

Rannan ta daure ta ce, "Baban yara, anya idon nan naka lafiya? Mu je a duba mana."

Ya yi dariya ya ce, "Ke kin taɓa ganin shaho da tabarau?"

Ta ci gaba da taka kekenta.

Mutumin nan yana da ƙane, shi ne autansu, kowa Auta yake ce masa duk da ya zama cikakken saurayi har an fara maganar aurensa. Tun rasuwar mahaifinsu a hannun Shaho ya tashi. Shi ma aikin gini yake yi a wani babban kamfani, amma shi a ƙasa yake. Shi ne mai ɗaura kaya a ƙugiya, sannan ya ja baya ya riƙa yi wa na sama alama da hannu. In ya juya yatsa sama, a ɗaga. In ya juya ƙasa, a sauke. In ya ɗaga hannu biyu, a tsaya cak, ko me ake ciki. Shaho ne ya koya masa waɗannan alamu a tsakar gida tun bai fara gemu ba. Kun ga ke nan, ran na ƙasa yana rataye ne a idon na sama.

Wata rana da yamma Auta ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba.

"Yaya, tashi! Zama ya ƙare. Mai injinmu ya ajiye aiki, ana neman wani. Na kai sunanka, sun ce ka zo intabiyu."

Matar ta saki ɗinki ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah. Shaho ya ji ƙirjinsa ya buɗe kamar an sauke masa dutse. A lokaci guda kuma ya ji wani abu ya ɗan soke shi a bayan idon hagu.

Aka shiga shiri. Matar ta fito da farar rigarsa daga ƙasan akwati, ta wanke, ta canza maɓallin da ya tsage. Ya je wurin mai aski. Ya goge takalminsa har yana ɗaukar ido. Ya jera takardun shaidar aikinsa a cikin leda mai tsabta.

Auta kuwa ya ce sai an yi gwaji. Ya hau kujerar ɗinki, ya ce shi ne manaja, ya rataya tef ɗin awon matar Yayansa a wuya ya ce lakatayi ne, ya turo ciki gaba, ya ƙanƙance ido.

"Shigo. Kai, wa ya ce ka zauna? Koma. Sai an ce bismillah."

Shaho ya koma ya sake shigowa yana dariya.

"Me ya raba ka da tsohon kamfaninka? Ka ga, Yaya, nan ne tarko. Ko sun cuce ka kada ka zage su. Ka ce gini ya ƙare. Kuma ka kashe wayar nan, kada matar Yaya ta kira tana tambayar cefane manaja yana magana."

Matar ta ce, "Ja'iri, ba ni awona. Kai da aka ɗauka don tausayi."

"Tausayi? Ni da na shiga suka miƙe tsaye!"

Aka yi ta dariya. Ya koya masa ya riƙa duban fuskar mai tambaya, kada ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, kada ya katse magana, in bai san abu ba ya ce bai sani ba. Da zai tafi, yana sa takalmi a bakin ƙofa, sai ya ƙara da cewa, "Daga nan sai ɗakin nas, wannan kuwa wasa ne a wurinka. Za ta ce ka rufe ido ɗaya da tafin hannunka ka karanta allo, ka sake rufe ɗayan. Ita tana can tana rubutu. Shaho ai ko allon garin gaba ne zai karanto."

Ya tafi yana fito.

Ya 'yan uwa, duk shirin da na lissafa muku babu laifi a cikinsa. Wanke riga halal ne. Koyon magana halal ne. Mai nema yana tare da samu, kuma Allah yana son bawa ya tashi ya nema. Da a nan mutumin nan ya tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Amma kalma ɗaya ta maƙale masa a kunne. Da tafin hannunka.

Washegari da hantsi, yara suna makaranta, matar tana waje tana guga, ya shiga ɗaki ya tura ƙofa. Ya jingina kwalin sabulu a kan taga, ya ja baya har bango. Ya rufe idon hagu, ya karanta rubutun kwalin har ƙananan. Ya rufe na dama. Babu kwali, babu taga, sai wani fari-fari kamar an zuba madara a ruwa.

Sai ya ɗan saki yatsunsa. Tsakanin na tsakiya da mai bi masa, wata 'yar tsaga ta buɗe, ba ta kai faɗin tsinken tsintsiya ba. Ta nan rubutun ya dawo.

Ya koma gaban madubi. Ya gwada ya ga tsagar ta yi yawa, ana hango ƙwayar idon. Ya rage. Ya lanƙwasa tafin kamar mai ɗiban ruwa, ya ɗan sunkuyar da kai, ya karkata fuska kaɗan. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, kamar yaro mai koyon alwala. Mutumin da bai taɓa ba wa gyaran sallarsa irin wannan lokaci ba, ga shi ya ba wa yatsu biyu.

Yana cikin haka matar ta turo ƙofa da rigar a hannu. A madubi ta gan shi. Hannu a fuska, ido yana ƙyalli ta tsakanin yatsu kamar na ɓera a rami.

Ba ta tambayi komai ba, don ta gane. Ta ajiye rigar a kan gado a hankali ta ce, "Baban yara, Auta ne fa a ƙasa."

"Na sani."

"Ka gaya musu gaskiya. In ba su ba ka wannan ba, Allah zai ba ka wani."

"Wane? Gadi? In koma ina buɗe wa yaran da na koya wa aiki ƙofa?" Ya juyo. "Ido ɗaya nawa ya fi biyun wani. Hannuna ya san hanya ko a mafarki. Zo ki tsaya can, ki zama nas, ki gaya min in kina hango idon."

Ta girgiza kai. "Ba zan duba ba. Ko ni ban gani ba, akwai mai gani."

Ransa ya ɓaci. Ya ce mata in maganar nan ta fita daga ɗakin nan, ita ma ta bi ta. Ta tsorata. Ta yi shiru, shirun da ta zo tana kuka da shi daga baya.

Ranar intabiyu ya biya ta wurin mahaifiyarsa neman albarka. Tsohuwar ta dafa kansa ta ce, "Allah ya zaɓa maka abin da ya fi alheri." Bakinsa ya ce amin. Zuciyarsa kuwa ta riga ta yi nata zaɓin.

A kamfanin aka zaunar da masu neman aiki a kan dogon benci a wani lungu mai warin sabon fenti, fanka tana juyawa a sama tana ƙara. Kusa da shi akwai wani dattijo mai furfura a gemu, shi ma tsohon mai tuƙa inji ne. Hira ta haɗa su. Dattijon ya ce, "Ni fa zan gaya musu idona ɗaya ya fara yi min hazo. In sun ga da wani abin da zan iya, to. In babu, Allah na nan."

Shaho ya dube shi ya ce, "Baba, wa ya aike ka? Ka zo neman aiki ko ka zo kai ƙarar kanka?"

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ana yi wa mutum wayo. Ƙarfen da ke rataye a sama ba a yi masa."

Ku duba ikon Allah, ya 'yan uwa. Matarsa ta faɗa masa a ɗaki. Mahaifiyarsa ta yi masa addu'ar da ta isa ta farkar da shi. Ga shi a bakin ƙofa ma an ajiye masa wanda zai nuna masa hanya, mai irin ciwonsa sak. Wa ya zaunar da su a benci ɗaya? Allah ba ya kama bawa sai ya aika masa da masu tuni. Mu ne muke toshe kunne.

Aka kira shi. Ya yi sallama, ya tsaya sai da aka ce ya zauna. Mutum uku ne a bayan tebur, na tsakiyar injiniya ne mai yawan shiru. Suka tambaye shi yadda yake duba igiyar ƙarfe kafin ya fara aiki, ya faɗa. Suka tambaye shi abin da zai yi in iska ta taso kaya yana sama, ya faɗa. Amsa tana fita daga bakinsa kamar ruwa daga tulu, don aikin kam ya iya shi.

Injiniyan ya ce, "In kana sauke kaya, mai ba ka alama ya ɓace maka fa?"

Shaho ya ce, "Ranka ya daɗe, sai in tsaya. Hannun da ban gani ba, ba na motsa komai a kansa. Ko ginin zai kwana, sai na gan shi."

Suka dubi juna suka gyaɗa kai. Da bakinsa ya faɗi dokar. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Daga ƙarshe injiniyan ya rufe takardun ya ce, "Ƙanenka ya ce zai iya tsayawa ƙarƙashin kayanka ido rufe. Akwai wani abu game da lafiyarka da ya kamata mu sani?"

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da tsira.

Ya ce, "Wallahi babu."

Ba wanda ya ce ya rantse. Shi ya ɗauko sunan Allah da kansa ya ɗora a kan ƙarya, don ta ƙara nauyi.

A ɗakin nas komai ya tafi yadda Auta ya faɗa. Ya rufe na hagu ya karanta har layin ƙasa. Ta ce ya rufe ɗayan. Ya lanƙwasa tafi, ya sunkuyar da kai, ya karkata fuska. Yatsu biyu suka rabu kaɗan. Ya karanta har layin ƙasa. Nas ɗin ta ɗago tana murmushi ta ce, "Lallai ba a banza ake ce maka Shaho ba."

Aka ba shi aikin.

Gida ya cika da murna. Auta ya ɗaga shi sama yana juyi da shi a tsakar gida. Maƙwabta suka yi ta shigowa barka. Matar kaɗai ce take dariya da baki, idonta yana ƙasa.

Dattijon nan ma an ɗauke shi, amma a ɗakin ajiyar kayan aiki, yana ba da sarƙa da ƙusa yana karɓa. Kamfanin ya tura shi wurin likitan ido, aka ɗora shi a kan magani. Kullum da safe in Shaho zai wuce ya hau injinsa, sai ya leƙa ya ce, "Baba mai gaskiya, ya ƙura?" Dattijon ya ce, "Alhamdu lillahi."

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan, ya 'yan uwa, shi ne ba abin da ya faru. Watanni suka wuce lafiya lau. Bene yana ta tashi. Kaya yana hawa yana sauka. Kowace yamma in ya sauko sai ya ce a ransa, to ina abin da ake tsoro? Ya ɗauka shirun Allah yarda ce. Bai san igiya ake sakar masa ba.

A hankali idon daman ma ya fara. Shi ba hazo ya yi ba, gefe-gefensa ne ya riƙa cinyewa, har ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ke gabansa yana gani sarai. Abin da ke gefe sai ya juya kai gaba ɗaya. Ya sayi maganin ɗigawa a kemis yana ɓoyewa a aljihu. Zuwa asibiti kuwa ya gagara, don in ya je za a rubuta, in an rubuta za a ji. Ƙaryar da ya yi don ya sami aiki, yanzu ita ta tsare masa hanyar magani.

Ranar da abin zai faru, gari ya waye garau. Babu iska, babu hadari, babu abin da za a ɗora wa laifi. Ana sauke damin rodi a saman benen. Auta yana can gefen hagu da hularsa ta kwano, yana juya yatsa ƙasa. A sauke, a sauke. Ya ja baya don ya ba kayan wuri, sai ƙafarsa ta faɗa tsakanin ƙarafan da aka shimfiɗa, ta maƙale. Ya ja, ta ƙi. Kayan yana saukowa daidai kansa. Ya ɗaga hannu biyu sama.

Leburori sun gani. Masu walda sun gani. Mai sayar da ruwa a tsallaken titi ma ta gani ta saki ihu. Mutum ɗaya ne a duk wurin bai gani ba, shi ne wanda aka ɗauka aiki don ya gani.

A can sama Shaho yana kallon ƙugiya. Ya waiga inda Auta yake, bai same shi a cikin ɗan bututun ganinsa ba. A nan ne dokarsa ta zo masa, wadda ya faɗa da bakinsa a gaban mutum uku. Ka tsaya. Amma in ya tsaya sai ya ɗauki oba-oba, rediyon da suke magana da na ƙasa, ya ce, Auta kana ina? Kowa zai ji. Kowa zai ce, ga shi nan a fili, ya aka yi Shaho bai gan shi ba? Ya ce a ransa, ai ya ja baya, kullum nan yake ja. Hannuna ya san hanya.

Hannun ya ci gaba.

Kafin oba-oba ta yi ƙara, ya ji igiyar ta yi sako-sako, alamar kaya ya zauna. Sai kuma ya ga tururuwan nan na ƙasa duk sun nufi wuri ɗaya da gudu.

Bai san yadda ya sauko daga tsanin injin nan ba.

Auta bai mutu ba. Ƙarfen ya same shi a gadon baya. Likitoci suka yi iya yinsu, suka ce rai ya tsira, amma daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai haƙuri. Da ya farfaɗo ya ga Yayansa a bakin gado, bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba. Ya dube shi da mamaki kawai, irin na yaron da aka mara bai san laifinsa ba.

Ya ce, "Yaya, na ɗaga hannu fa. Duka biyun. Yadda ka koya min."

Shaho ya sunkuyar da kai.

Mutane suka yi ta cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Amma kamfanin ya ce sai an bincika. Aka kai shi wurin likitan ido. Da aka zo rufe ido, ya ɗaga hannunsa yadda ya saba. Likitan ya ce, "A'a, sauke." Ya ɗauko wani baƙin abu kamar ludayi ya kifa masa a idon dama da kansa. Ludayi ba shi da yatsu.

"Karanta."

Shiru.

"Babban na sama fa?"

Shiru.

Likitan ya haska cikin idanun ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Wannan ciwon ba na yau ba ne, kuma ba na bana ba. Na hagun ya daɗe da tafiya. Da ka zo tun da ka fara ganin hazo, da mun yi ƙoƙarin riƙe maka na daman. Yanzu abin da ya rage kaɗan ne."

A ranar matar ta durƙusa gaban surukarta ta faɗi abin da ta gani a madubi. Tsohuwar ta tashi ta shiga ɗaki ta ja labule.

Aka kore shi. Aka kai shi gaban alƙali, aka karanto masa amsar da ya bayar da rantsuwar da ya yi, ya yi zaman gidan yarin da aka yanke masa. A can ɗan hasken da ya rage ya ƙarasa mutuwa. Ranar da ya fito, matarsa ce ta riƙo hannunsa ta tsallakar da shi titi. Maganar auren Auta ta watse. Gidan haya ya gagara, duk suka tattaru a gidan tsohuwa. Dattijon nan kuwa har yau yana ɗakin ajiyarsa, da tabarau a fuska, yana karanta lambar ƙusa da kansa.

Saura abu ɗaya in gaya muku.

Wata safiya tsohuwar tana so a ɗauke Auta daga katifa a sa shi a keken guragu ya sha hantsi. Ta kama, ƙarfinta ya kasa. Shaho yana zaune a bakin ƙofa yana jin nishinta. Har yanzu ƙaƙƙarfa ne, damatsansa suna nan. Ya miƙe yana lalube ya ce, "Inna, bari in ɗaga shi."

Auta ya ce, "A'a, Inna. A kira maƙwabci."

Babu fushi a muryarsa. Sannan ya ce, "Yaya, na yafe maka, Allah shaida ne. Ina so in yarda, jikina ne ya ƙi. Da na ji hannunka ya nufo ni sai in ga ƙarfen nan yana saukowa."

Mutumin ya tsaya da hannuwansa a miƙe, babu abin da zai ɗauka. Ya koma ya zauna. Ya kifa tafukansa a fuska yana kuka. Matarsa da ke tsaye ta ce ta dubi yatsun nan, a haɗe suke gam, ko iska ba za ta wuce ba. Ya iya rufewa yanzu, lokacin da babu sauran abin leƙe.

Ya 'yan uwa, nawa ne faɗin tsagar nan? Ba ta kai tsinke ba. Amma ta cikinta idanu biyu suka fita, ƙafafu biyu suka fita, aure ya fita, suna ya fita, amincin wa da ƙane ya fita. Tsarki ya tabbata ga wanda yake fitar da dutse ta kafar allura.

Mutumin nan ba ɓarawo ba ne. Ba mashayi ba ne. Yana son ƙanensa kamar ransa. Aiki yake nema don ya ciyar da iyali, kamar yadda da yawanmu muke nema yau. Girman kai ne ya hana shi cewa ba na gani, ƙarya ta zo ta taya shi, rantsuwa ta ɗaure. Ya ji tsoron idon nas, ya yi kwana da kwanaki yana shirya masa. Wane shiri ya yi wa idon da ba ya gyangyaɗi?

Wanda duk aka kira intabiyu a cikinmu, ya wanke rigarsa, ya goge takalminsa, ya koyi magana mai kyau. Amma in aka zo kan abin da ba ka iya ba, ko ciwon da kake ɓoyewa, ko shaidar da ba taka ba, ka tuna kowane aiki akwai mutum a ƙarƙashinsa. Direba yana da fasinja. Mai ba da magani yana da majinyaci. Mai gini yana da waɗanda za su kwana a ciki. Ba ka san wanda zai tsaya a ƙasan kayanka ba. Wataƙila wanda ka fi so ne a duniya.

Kuma ke 'yar uwa, in kin ga irin abin da matar nan ta gani a madubi, kada tsoro ya rufe miki baki. Ɓacin ran yini ɗaya ya fi kukan shekaru.

Abincin da Allah ya rubuta maka ba ya bukatar ƙarya ta buɗe masa ƙofa. Wanda kuma ka shigo da shi ta tsaga, ta nan zai fita, ya ja wasu abubuwan ya tafi da su. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ya Allah, ka ba masu nema aikin da zai zame musu alheri. Ka ba mu ƙarfin faɗin gaskiya a lokacin da take da ɗaci. Kada ka sa wani ya cutu ta hannunmu. Wanda ya riga ya faɗa, ka karɓi tubansa, ka sanyaya zuciyar waɗanda ya cuta. Ka rufa mana asiri da rufinka, ba da tafin hannunmu ba.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye na ƙasa da mu. Amin.